Jan Katako Ko Jar Kala? Zaɓin Da Ke Gabanka Idan Za Ka Haɗa Sabo Da Tsohon Kayan Ɗaki

A bakin yawancin masu saye, har da wasu kafintoci, katako iri biyu ne: ja da fari. Duk abin da ya yi ja mahogani ne, wanda ya yi fari kuma sai a ce farin katako a wuce wurin. Wannan rabon ya wadatar idan rufin kwano za a ɗora, ko allon zuba kankare ake nema. Amma ranar da ƙofar tsohon sif ta tsage, ko teburin cin abinci mai kujera huɗu ya yi wa iyali kaɗan ana son ƙarin biyu, ko aka ce a haɗa wa tsohon gadon Hajiya madubi da durowar gefe, ranar ake gane bai wadatar ba. Sabon yana iya burge kowa a shagon kafinta, da an jingina shi da tsohon sai ido ya ƙi karɓarsu tare.

Hanya uku ce a gaban mai wannan aiki. Ko ya nemo irin katakon da aka yi tsohon da shi, a shafa masa banish marar kala, lokaci ya ƙarasa sauran. Ko ya sayi farin katako mai sauƙin kuɗi a rina shi har ya kusanci tsohon. Ko kuma a haɗa tsoho da sabo a fesa musu kala ɗaya a sama, kowa ya ɓuya a ƙarƙashinta. Kowacce da inda take dacewa, ni ma ina da wadda na fi so. Sai dai ba a zaɓa da hankali kafin a san wane itace ne a jikin tsohon, da kuma abin da aka shafa masa.

Fara daga inda fenti bai kai ba

Kalar sama ita ce mafi raunin shaida, domin ita hannun mutum ya fi saurin canzawa. Kifa kujerar, ko ka leƙa ƙarƙashin tebur, ko ka kwance hinji guda ka ga abin da ya rufe. Masu fenti ba sa ɓata kayansu a irin waɗannan wurare. Tun da can kafintoci kan sa mai tsada a fuska su cike ciki da mai araha, kuma wannan ba ha'inci ba ne muddin an faɗa wa mai saye, saboda haka bayan falankin fuskar za ka duba, ba allon cikin durowa ba. Kankare wuri kaɗan da reza har sabon nama ya fito, sannan ka danna farcen babban yatsa. Idan farcen ya shige ya bar gurbi, naman kuma fari ne alhali sama ja ce wur, to farin katako ne aka rina, ka huta da neman mahogani.

Sai nauyi. Ɗauki falankin nan da aka saba sayarwa a Na'ibawa ko Fanteka ko Dei-Dei, mai inci 1 a kauri, inci 12 a faɗi, ƙafa 12 a tsayi. Idan ya cika awo kuma ya bushe sarai, na obece wajen kilo 11 ne, malaina wajen 13, afara da mahoganin Kudu wajen 15. Iroko da tik da mansoniya suna tsakanin 18 da 19, kawo da madobiya da maɗacinmu na Arewa kuwa sun haura 20. Kenan kujerar kawo ta kusa ninka ta obece, hannu ma zai gaya maka. Amma ɗanyen katako cike yake da ruwa, malainar da aka yanka makon jiya tana iya rinjayar busasshen iroko a sikeli, don haka nauyi shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Shaidar da ba ta ƙarya tana bakin yanka, inda zarto ya datse itacen a gicciye, kamar ƙasan ƙafar kujera. Fere wurin da reza mai kaifi, ka ɗan jiƙa shi, ka ɗauki hoto da waya ka buɗa. Ƙananan hudojin da itace ke jan ruwa ta cikinsu suna nan, kuma kowane iri da yadda ya jera nasa.

Iroko, wanda muke kira loko, mutanen Gana kuma odum, hudojinsa manya ne, ba su da yawa, kuma wasu fararen layuka masu lanƙwasa suna haɗa su. A fuskar falanki layukan nan ne ke fitowa a matsayin zane mai haske a cikin ruwan ƙasa. Sabon yankansa ruwan ɗorawa ne, abin da ke sa mai saye ya yi zaton an cuce shi. Haske da iska ne ke mayar da shi ruwan zuma, daga baya ruwan ƙasa mai duhu. A cikinsa akan ci karo da dunƙulen farar ƙasa mai tauri da ke dakushe zarto, kuma ƙurarsa tana sa atishawa da ƙaiƙayi.

Mahogani kuma gida ɗaya ne mai ɗakuna da yawa. Na kurmin Kudu da maɗacin da ke bakin titunanmu, wanda masu magani suka saɓule wa ɓawo, 'yan uwa ne, duka dangin Khaya. Sabon yankansu ruwan hoda ne, sai su nuna su koma ja mai duhu. Hudojinsu a warwatse suke, babu fararen layukan iroko, wasu kuma cike da baƙin ƙaro, shi ya sa fuskar take da siraran layuka masu duhu. Na Kudu ya fi sauƙi da laushin aiki, maɗaci ya fi nauyi da tauri da duhu. Idan tsohon kayanka ja ne amma ɗaga shi sai mutum biyu, kuma a Arewa aka yi shi, maɗaci za ka fara zargi. Akwai kuma sapele, mai sunan garin nan na jihar Delta, wanda ake sayarwa da sunan mahogani ba tare da kowa ya ji ya yi ƙarya ba. Shi ratsinsa siriri ne a jere, haske da duhu suna musanya idan ka matsa gefe, kuma yana da ƙanshi in an kankare shi. Mahogani kusan ba shi da wani ƙanshi.

Kawo, wanda 'yan katakon Kudu ke kira apa, ja ne mai sirkin ruwan goro, kowace huda da farin zobe kewaye da ita, kuma sau da yawa za ka ga wani gari fari ko rawaya maƙale a cikin hudojin. Madobiya ba ta ɓuya: ratsin duhu a kan ruwan zuma ko ja, nauyi, da ƙanshi mai daɗi. Tik yana da maiƙo a hannu da warin jemammiyar fata, manyan hudojinsa kuma a jere suke a farkon kowane zoben shekara. Mansoniya ita ce mai ruwan ƙasa da sirkin toka da shunayya, hudojinta ƙanana ƙwarai har fuskarta ta yi sumul. Ita kam a kiyayi ƙurarta, tana da guba, kada a goge ta ba takunkumi.

Fararen su ne aka fi ruɗawa. Obece, wawa a Gana, ayus a Kamaru, shi ne marar nauyin nan mai laushi, sau da yawa da tabon shuɗi-shuɗi na danshi a jikinsa. Afara ta fi shi tauri, hudojinta manya, wani lokaci da ratsin baƙi ko 'yan ramukan ƙwaro masu baƙin baki. Wadda ake kira baƙar afara ko idigbo ta fi rawaya, kuma idan ka goga mata jiƙaƙƙen farin tsumma yakan ɗauko rawaya. Malaina baƙuwa ce daga Asiya da aka dasa a gandaye, shi ya sa falankanta ba su cika faɗi ba. Tana da santsi da ɗan sheƙi, kuma tana daɗewa ƙwarai kafin cikinta ya bushe.

Wani lokacin ma ba itace ba ne. Da yawa daga cikin kayan ɗakin amare na yanzu allon MDF ne, garin katako da aka matse da gam, aka lulluɓe shi da takarda ko leda mai hoton zanen itace. Yana da nauyi sosai, nan yake kama mutane. Duba ramin sukuru ko gefen da ya ɓantare: idan ka ga gari a dunƙule ba jijiya, ko ka lura zane ɗaya yana maimaita kansa a ƙofa biyu, allo ne. Ruwan kala ba ya shiga leda, sai dai a nemo allo mai irin zanen ko a yi fenti. Tsakanin wannan da katako akwai filawud mai siririn mayafin itacen gaske a sama, wanda kaurinsa bai cika kai milimita 1 ba. Shi yana shan kala, amma samfefa tana cinye shi nan da nan.

Me aka shafa masa?

Gwajin nan ba ya cin minti goma, kuma shi ke hana ɓarna mafi muni. Fara wanke wurin da ɗan sabulu da tsumma mai danshi, ka share. A ɗakin da ake turaren wuta kullum, wani kaso na duhun kayan hayaƙi ne da maiƙon hannu, kuma wanda ya auna kala a kan datti zai ga ta kauce ranar da aka goge. Sannan a wani lungu ka ɗiga sifirit da auduga. Idan saman ya yi laushi yana danƙo, folish ne na shalak, irin na tsofaffin kaya. Idan bai motsa ba, gwada tina, ruwan nan da masu feshi ke sirka fenti da shi. Wanda ya narke da tina banish ɗin feshi ne na selulos, wanda yawancin masu feshi ke amfani da shi. Wanda ya yamutse ya tattare banish ne na mai, wanda kuma ko gezau bai yi ba foliyuritan ne. Da sifirit ake farawa domin tina tana taɓa shalak ita ma, sai ta ruɗa ka. Amfanin sanin wannan biyu ne. Selulos da aka fesa a kan banish na mai yakan tayar da shi ya yi tamoji. Kuma selulos da banish na mai duka suna yin rawaya da tsufa, kenan wani ɓangare na kalar da kake son kamowa a cikin banish ɗin take, ba a cikin itacen ba.

Hanyar farko: irinsa, da haƙuri

Ita na fi so, kuma ita zan ba duk wanda tsohon kayansa ya tabbata iroko ne ko mahogani ko kawo ko madobiya. Dalilina shi ne kala ce kaɗai ake iya gyarawa da kwalba. Girman hudoji, zanen jijiya, yadda fuska ke mayar da haske, babu mai fentin da zai ƙirƙiro su. Katako iri ɗaya kuma tare yake tsufa, tazarar da ke tsakanin sabo da tsoho kullum raguwa take. In yaro ya karce shi da ƙusa, abin da ke ciki ɗan'uwan na waje ne. Zuciyar iroko da kawo da madobiya da tik kuma gara ba ta cika sha'awarsu ba, ko da yake farin gefen da ke kusa da ɓawo, na kowane itace ne, abincin ƙwaro ne. A ce wa kafinta ya yanke shi ya yar.

Wahalarta ta farko samuwa da tsada. Manyan itatuwan da aka yanka wa iyayenmu sun yi ƙaranci. Madobiya, wadda masu sara a Taraba ke kira Madrid, an kwashe ta zuwa ƙasar Sin har sai da yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta sa ta cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, a taron Johannesburg na 2016. A taron Panama na 2022 aka ƙara da mahoganin Afirka da dangin kawo. Dokar ta shafi fitarwa waje ne, ba ta hana ka saye a kasuwar garinku ba, amma ta nuna inda aka kwana. Abin da ke zuwa kasuwa yanzu yawanci daga ƙananan itatuwa ne, falankan ba faɗi, farin gefe ya yi yawa, kala kuma ba ta nuna ba. Shi ya sa tsohuwar ƙofa ko tagar da aka cire daga gidan da ake rushewa ta fi sabon falanki daraja a wannan aiki: ta bushe, ta nuna. Akwai ma dabarar da ta fi wannan. Idan gyaran ƙarami ne, a ciro falanki daga cikin kayan kansa, kamar kantar cikin sif ko sandar bayan gado in irin na fuskar ne, a yi gyaran da shi, a cike gurbinsa da farin katako inda ba mai gani.

Wahala ta biyu ita ce haƙuri, kuma a nan ake yawan faɗuwa. An kawo sabuwar kujerar iroko tana rawaya a gefen tsofaffi masu duhu, mai gida ya ɓata rai, kafinta ya ce, "Alhaji, kada ka damu, bari in ɗan sa mata kala." Ya sa, ta yi daidai a ranar. Itacen da ke ƙarƙashi kuwa bai fasa nunarsa ba, bayan shekara sabuwar ta fi kowacce duhu, kuma babu hanyar komawa sai an kankare. Iroko da mahogani da kawo duhu suke ƙarawa, don haka in ma za a taɓa su da kala, a tsaya tun suna da sauran haske. Ana iya rage jiran ta hanyar shanya gogaggun falankan a wuri mai haske na 'yan kwanaki ana juya su, amma ba a tsakiyar ranar bazara ba, za su tsattsage. Mansoniya akasin haka take, haske kan kwashe mata shunayyar ta koɗe, saboda haka sabuwarta za ta fi tsohuwar duhu da farko.

Batun bushewa ya shafi duk hanyoyin uku, amma a nan asararsa ta fi ciwo. Katakon da ya zauna a danshin Kudu yana riƙe da ruwa wajen kashi 15 cikin 100 ko fiye, ko da an ce ya bushe. Da hunturu a Kano ko Zinder, lokacin da danshin iska ke faɗowa ƙasa da kashi 20, ruwan cikinsa yana sauka zuwa wajen kashi 5. Saman tebur mai faɗin santimita 60 yana iya tsukewa da kusan santimita guda. Daga nan ne tsagewa take zuwa, da farin layin nan da ke bayyana a gefen allon ƙofa inda kala ba ta shiga ba. Falankin da aka jera da 'yan sanduna a tsakani ya sha hunturu guda a inuwa ya fi wanda aka sauke daga tirela jiya, ko da kuɗinsa ya ɗara.

Hanya ta biyu: fari da rini

Idan gwajin reza ya nuna tsohon ma farin katako ne aka rina, wannan ce hanyarka, kuma babu abin kunya a ciki. Haka in sabon abin ba zai sha hannu ba, kamar firam ɗin madubi ko kwalliyar saman sif. Inda ba na yarda da ita shi ne saman tebur, hannun kujera da ƙafafunta, da duk inda tsintsiya da takalmi ke bugu. Obece mai laushi ne, kowane bugu gurbi ne, kowane karce farin layi ne a kan ja. Shi da afara kuma gara da ƙwaron nan mai zubo gari suna son su, sai an yi musu magani tun kafin kala. Araha ba ta ado, in ji mutane, amma a nan adon takan yi shi, ƙarko ne ba ta da shi.

Wane fari? A bi hudoji. Afara ce ta fi kusa da mahogani da iroko wajen girman huda, kuma ta fi obece jure bugu, don haka ita zan ɗauka in dai ja ake son kwaikwayo. Obece yana shan kala da sauƙi, har yakan sha fiye da kima. Malaina tana yin kyau idan ta bushe har ciki, in ba ta bushe ba kalar takan yi dabbare-dabbare, banish ya ƙi kamawa. Idigbo tana da nata rawayar da za ta leƙo ta cikin duk abin da aka sa mata, abin da ke taimako in iroko ake bi, ya ɓata aiki in ja ake so, kuma ƙusar ƙarfe tana yi mata baƙin tabo in danshi ya taɓa. Babu farin da zai zama madobiya. Masu zana ratsi da buroshi suna ƙoƙari, daga nesa kawai abin yake wucewa.

Ruwan kalar ma iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi yadda ake zato. Akwai mai gari, wanda ke kwanta a gindin gwangwani sai an motsa. Shi a cikin hudoji yake maƙalewa, ya fito da su su yi duhu, kuma yana jure rana. Akwai kuma rini tsantsa wanda ke narkewa a ruwa ko sifirit ko tina, ya shige naman itace ya rina ko'ina daidai, zanen yana nan a fili. Ya fi kyau a ido, amma rana tana cin sa, kayan da ke gaban taga za su koɗe. Ga inda matsalar take: tsohon iroko yana riƙe da duhunsa, rinannen afara yana koɗewa, tazararsu tana ƙaruwa da shekaru. Wannan shi ne babban abin da ya raba hanyar nan da ta farko.

Hanya ta uku: a fesa wa kowa

Ita masu feshi suka fi so, kuma da dalilinsu. Ana zuba kala a cikin banish a fesa, kowane zagaye yana ƙara duhu, har tsoho da sabo su zama ɗaya. Tana da sauri, kuma a ranar kawo kaya ita ce ta fi kowacce daidaituwa. Rini lalle ne, yana shiga jiki, wannan kuwa hoda ce, a sama take zaune. Gwargwadon kaurinta gwargwadon yadda zanen itacen ke ɓacewa, kuma duk inda ta ɓantare sai asalin ya leƙo. Tana da amfani idan kayan tarkace ne daga wurare daban-daban, ko tsohon ya sha faci da foti, ko mayafin filawud ne da ba zai jure samfefa ba. A kan tsohon iroko ko madobiya kuwa asara ce. Nunar da itacen ya yi shekara talatin yana tarawa a siririn samansa take, da zarar an goge ko an binne ta shi kenan. In kafinta ya ce "Hajiya, kala za ta rufe," tambayar da ta dace ita ce me za ta rufe.

Wani lokaci ma mafita ita ce a daina neman kama. Kujera biyu baƙaƙe ƙirin ko masu yadi a kan tebur mai jan katako ana ganinsu a san da gangan aka yi. Wadda ta kusa kama amma ta kauce kaɗan ita ce ke damun ido kullum.

Yadda ake kamo kalar, in an yanke shawarar rinawa

Ba a gwaji a jikin kaya. A ɗauki guntun falankin da aka yi sabon da shi, a goge shi da samfefar da za a gama aikin da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: wurin da aka tsaya a samfefa mai lamba 120, wadda ta fi kaushi, ya fi shan kala, ya fi duhu, a kan wanda aka kai 180 ko 220. Bakin yanka kuma ya fi ko'ina sha, sai an ƙara goge shi ko an fara shafa masa sila mai ruwa-ruwa, wato shafin nan mai toshe hudojin katako. Duk inda gam ya taɓa ba a kankare ba, fari zai fito. Shafa ruwa a guntun ka duba tun yana jiƙe, kusan haka zai kasance a ƙarƙashin banish marar kala, kuma sau da yawa tazarar ba ta kai yadda aka zata ba.

A tsohon, nemi wuri mafi haske a cikin zanen, shi za a fara kamawa da rini mai ruwa-ruwa. Ƙara duhu abu ne mai sauƙi, rage shi ne aiki. Bayan ya bushe a shafa sila, sannan a bi da kala mai gari a share, don hudoji su yi duhu irin na tsohon. Gyaran ƙarshe ne kawai za a yi da feshin kala, shi ma siriri. Aikin hawa-hawa irin wannan ya fi shafa ɗaya mai kauri kama da itacen gaske. Idan haɗin ya cika ja, ɗigon kore ne ke kwantar da shi, ba baƙi ba, domin baƙi dusashe kala yake. Idan ya yi toka-toka ba rai, ruwan goro ko rawaya yake nema. Tsohon mahogani ba ja ne zalla ba, yana da ruwan makuba da ɗan rawayar tsohon banish, shi ya sa jar kalar gwangwani ita kaɗai take fitowa da ƙarfi a gefensa. A auna da sirinji ko murfin kwalba a rubuta, kuma kada a gauraya na ruwa da na tina.

Guntun gwajin sai an gama shi da irin banish ɗin da adadin shafar da za a yi wa kayan, domin kala busasshiya ba ta nuna gaskiyarta. Sheƙi ma a daidaita shi: sabon abu mai ƙyalli a gefen tsoho mai dusasshen sheƙi daban za a gan shi ko da kalarsu ɗaya ce. A kai guntun ɗakin da kayan suke, a jingina shi a tsaye in ƙofa ce, a kwance in tebur ne, a duba da rana, a sake dubawa da dare. Farin ƙwan lantarki na LED da hasken taga ba sa nuna ja iri ɗaya. Hoton waya kuwa ba abin dogaro ba ne, wayar tana gyara kala da kanta, don haka kafinta ya zo da ƙafarsa, ko a kai masa durowa guda.

Lokacin aiki ma yana da tasiri. Selulos da aka fesa a ranar da hadari ya haɗu yakan yi farin hazo saboda danshi, da hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kan banish na mai, wanda ke daɗewa bai bushe ba. Tina tana kama wuta, tururinta kuma yana bugarwa, a yi aikinta a fili nesa da murhu. Tsummokaran da suka sha kalar mai kada a dunƙule su a lungu, suna iya yin zafi su kama da kansu, a shanya su a baje.

Idan gwajin ya yi, a raba guntun biyu, a rubuta awon haɗin a bayan kowane rabi. Ɗaya ya zauna wurin kafinta, ɗaya wurinka, tare da ɗan ragowar kalar a kwalba mai murfi saboda gyaran gaba. Ranar da aka kawo kaya, da rabin hannunka za a auna kafin a biya cikon kuɗi.